Katin da Ba Ya Ƙarewa

Da can, idan ɗanka yana wata ƙasa ya aiko maka da kuɗi, mutum ne yake kawo su. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, ko alhajin da ya sauko daga Makka, ko wani ɗan gari da ya zo ganin gida. Zai yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura, sai ya huta kafin ya sa hannu a aljihun ciki. Kafin kuɗin su fito ka riga ka ji ko yaron ya yi ƙiba ko ya rame, da su wa yake zama, ko yana riƙe da salla. Ni ma na yi wa mutane wannan aiki shekaru da yawa, lokacin da nake fataucin fatu. Na ɗauko saƙo daga Jidda na kai Dungas, na ɗauko daga Abijan na kai Bande, kuma ban taɓa miƙa kuɗi na tashi nan take ba. Akwai tsohuwar da ta riƙe ni tun hantsi har la'asar, tana so in sake gaya mata irin rigar da na ga ɗanta da ita.

Yanzu kuɗi su kaɗai suke zuwa. Ina da kati biyu a aljihun gaban rigata, girmansu ɗaya, kaurinsu ɗaya, in ba don launi ba ba za ka bambanta su ba. Ɗaya kore, ɗaya baƙi. Na daɗe kafin in gane ba abu ɗaya ba ne.

Duka biyun ɗana na fari ne sanadinsu. Yana Kanada, ɓangaren da ake Faransanci, yana aikin lissafi a wani kamfani. Na taka ƙasashe da yawa, na zauna a Kano da Duwala da Kartum da Marsey, amma can ban taɓa zuwa ba. Ina jin Hausa da Barbarci na gida, da Faransanci, da Larabcin kasuwa, da Julancin da na tsinta a Abijan, har da ɗan Ingilishin da yake fitar da mutum daga hannun masu tsaron iyaka. Da kowannensu na yi ciniki, na yi faɗa, na yi abota. Amma da wannan yaro, tun haihuwarsa, in aka tara duk maganar da muka yi ba za ta cika tafiyar mota daga Magarya zuwa Damagaram ba.

Ba faɗa ba ne. Ɗan fari ne, ni kuma tarbiyyar da aka yi mini ta da ce. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta fi ni ma kunyarsa. Da aka yaye shi yayata ta ɗauke shi ta riƙe a Guci, ita ta sa shi lakwal, wato makarantar boko, ita yake yi wa shagwaɓa. Da ya tafi waje ita yake kira su yi ta hira, in na je Guci ta riƙa ba ni labarinsa ina yi kamar hankalina yana wani wuri. Na ga yadda wasu suke yi. A Marsey na ga uba da ƙaton ɗansa sun rungume juna a tashar jirgin ƙasa suna kuka. A Kartum na zauna da mutanen da ake kiransu da sunan ɗan farinsu, uban wane, suna amsawa da alfahari. Ban ce nasu ba daidai ba ne, amma ni bakina bai iya ba. Mahaifiyarsa ta rasu, ba a daɗe ba yayata ta bi ta, sai ya zama babu mai ɗauko magana daga wajensa ya kawo mini. Abu ɗaya ya rage wanda uba zai yi maganarsa da ɗan fari ba tare da kowa ya ji nauyi ba, shi ne hidimar gida.

Shi ya sa aka buɗe mini kont da sunana a wani banki a Damagaram, aka ba ni koren katin. Da Faransanci kart debi ake ce masa. Aikinsa irin na randa ne: abin da aka zuba shi za ka ɗiba, in ya ƙare ya ƙare. Farkon wata yaron yana zuba kuɗi. Ni kuma ba sai na je Damagaram ba, domin a bakin kasuwar Magarya akwai wani mai butik, shagon kayan masarufi, da ya nemi na'urar karɓar kati saboda ma'aikatan gwamnati, malaman lakwal da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito da ma'aikatan likita, waɗanda albashinsu ta banki yake fita. Na'ura biyu gare shi, ɗaya ta sefa, ɗaya ta naira da surukinsa ya kawo masa daga ƙetaren iyaka. Ko ka sayi shinkafa da mai da sabulu ka biya da kati, ko ya cire maka tsabar kuɗi ya ɗauki ladansa.

Mai butik ɗin Bafillace ne da ya sayar da rabin garkensa ya zauna gari. Ni kuwa Babarbare ne ta wajen uba, saboda haka ba mu taɓa gaisawa cikin mutunci ba. Na girme shi nesa, amma wasan da ke tsakanin kakanninmu bai san wannan ba.

"Ga bawana ya iso," yakan ce tun ina tsallaka titi. "A ba shi benci kada ya faɗi a ce ni ne."

"Bawan wa? Kai da kakanka ya zo ƙofar gidanmu yana roƙon dusa?"

"Kawo katin mu ga ko yau da rai."

Sau da yawa babu rai. Abin da yaron yake aikowa ya ishe ni ni kaɗai har ya yi saura, amma dattijo a garinsu ba shi kaɗai ba ne. Wannan an yi masa haihuwa, wancan matarsa tana kwance a gidan likita, 'yan Guci iri ya ƙare musu ga hadari ya fara haɗuwa. Kafin wata ya mutu sai na'urar ta yi tunani, ta yi tunani, ta fito da 'yar takarda ta ce a'a. Mai butik ya ɗaga takardar sama ya yi shela, "Jama'a, Barebari sun karye!" Ni kuma in karɓi katina in kama hanyar gida ina ɓoye murna.

Murna, domin yanzu ina da dalili. In zauna a zaure, in ɗauki salula in danna lambar yaron, in bari ta yi ƙara sau ɗaya in katse, abin da muke ce wa bip. Ba a jimawa zai kira, ko da kuwa a wajensu safiya ce yana shirin fita aiki.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Katin ne?"

"To, ya ce a'a."

"Zan zuba yau in sha Allahu."

Maganar kuɗin ke nan, ba ta wuce haka. Amma ba a katse waya a kan kuɗi, sai an ɗan lulluɓe su da wani abu. Sai ya tambayi ruwa, in ce an yi a Bande ba a yi a nan ba. In tambaye shi sanyi, ya ce ƙanƙara ta binne motarsa har sai da ya haƙa. In ba shi labarin sanyin Marsey da ya taɓa sa ni sa wando biyu, ya yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda bai saba dariya a gabana ba. Daga nan sai in ji wata ƙaramar murya tana rigima a bayansa, ya ce, "Ga matarka tana son magana." 'Yarsa ce, jikata. Da ita babu kunya. Ta ce mini tsoho marar haƙori da Hausarta mai karkata, in ce na sake ta tunda ba ta iya damun fura ba, ta koma Faransanci ta yi ta zuba, in bi ta can. Uban yana gefe yana ji. Na san yana ji, kuma rabin abin da nake gaya mata shi nake gaya wa.

Ban taɓa ƙarar da katin da gangan ba, amma kuma ban taɓa jin haushin ƙarewarsa ba.

Wata rana ana gab da azumi, butik cike da mutane, na'urar ta ƙi katina. Mai butik ya yi shelarsa yadda ya saba, aka yi dariya, ni ma na yi. Ashe cikin masu jira akwai wani ma'aikaci da aka kawo Magarya ba da daɗewa ba, wanda suka yi karatu tare da yaron a Damagaram. Ya san fuskata, bai san wasan da ke tsakanina da mai butik ba. Abin da ya gani shi ne an tozarta uban abokinsa a bainar jama'a kan kuɗin sukari. Kafin in isa gida labari ya ƙetare teku.

Ran nan yaron ne ya kira, ban yi masa bip ba. Ya ce, "Baba, wannan ba zai sake faruwa ba." Na ce wasa ne, Bafillacen nan tun asali ba shi da hankali. Ya ce ya ji, amma ba zai sake faruwa ba.

Bayan ƙaramar salla wata ɗaliba da ta zo hutu daga can ta kawo mini ambulan. Baƙin katin ne a ciki, da sunana a jiki, amma a kan kont ɗin yaron yake, na bankinsa na Kanada. Na so in tsare ta da tambaya, amma mai kabu-kabun da ya kawo ta yana ƙofar gida bai kashe moto ba.

Na kai wa mai butik. Ya juya katin gaba da baya, ya sa a na'ura, na danna lambobin sirri, takarda ta fito nan da nan. Ya duba ta, ya tsuke baki.

"Wannan kart kiredi ne. Ka san abin da ka riƙo?"

"Kati na riƙo."

"Katin bashi ka riƙo. Koren naka, kuɗinka ne suke tashi daga kont ɗinka su faɗo nawa. Wannan kuwa ba kuɗinka ba ne, ba ma na ɗan Kanada ba ne tukuna. Banki ne yake biya maka, ƙarshen wata ya bi shi."

"To kai ina ruwanka, tunda an biya ka?"

"Ina ruwana? Ji Babarbare! A kore abin da banki yake yankar mini kaɗan ne. Wannan kuwa ga shi na bashi, ga shi na waje, yankan ya fi abin da nake samu a kwalin shayi. Kuɗin ma ba sa shigowa da wuri, sai sun gama yawon duniya kamar mai katin. Kuma in ɗanka ya tashi wata rana ya ce wa bankinsa bai san wannan ciniki ba, sai su janye kuɗin daga wajena, ni da kayana mun rabu ke nan. Ka sayi buhu da shi, na yarda, mu raba yankan. Amma kada ka zo mini da shi kan ashana."

Bashi ba baƙona ba ne, duk fataucina a kansa na yi. A Kano wani Kwara, ɗan kasuwa daga kudu, yakan ba ni kaya in tafi da su wata da watanni. A Abijan wata Bajula mai sayar da atamfa ta taɓa ba ni dila ba tare da shaida ba, don kawai ta san masaukina. Amma kowane bashin da na sani yana da ranar da za ka je ka zauna gaban mai shi, ya dube ka ka dube shi, ku sha shayi ko ku yi cacar baki. Wannan ne na farko da na ga mai ci daban, mai biya daban, mai bayarwa kuma babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa. A Marsey na ga Turawa suna biya da irinsa tun da daɗewa, na ɗauka abin masu otal ne da masu jirgin sama. Ban zaci zai biyo ni har bakin kasuwar Magarya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin ruwa. Na kai shekarun da ba na so in shiga kabari da su a cikina. Wannan ya ba ni dalilin bip, na yi, ya kira. Ya ce in kwantar da hankalina, ya shirya da bankin duk ƙarshen wata su ɗauki kuɗinsu cif daga albashinsa, ruwa ba ya hawa sai an yi jinkiri, shi kuma ba zai yi ba. Ya ce, "Ko tunawa ba sai na yi ba, Baba. Da kansa yake biya. Kai dai ka saya kawai." Na sa masa albarka. Sai daga baya na lura da abin da ya faɗa.

Katin ya yi aikin da aka aiko shi yi, bai taɓa cewa a'a ba. Wata ya mutu, na'ura ba ta ƙi ni ba. Wani ya sake mutuwa, haka. Labari ya kai Guci cewa Alhaji yana da katin da ba ya ƙarewa, masu sallama suka ƙaru. Da can in na ce wa mutum katin ya ƙare, gaskiya na faɗa, ya tafi ba tare da ya riƙe ni a zuciya ba. Yanzu ba ni da wannan amsar. Kuma koren, da zarar kuɗi sun shiga nawa ne, in ba wanda na ga dama. Da baƙin kuwa kullum ji nake hannuna yana cikin aljihun wani.

Da babbar salla ya kira, muka yi barka da salla, ya ce yarinyar ta fita da uwarta. Damina ta sauka, gero ya yi kai, aka shiga girbi. Ɗan ƙanena da iyalinsa suna sashen baya na gidan, suna kawo mini abinci, suna gaishe ni safe da yamma, ba a bar ni da yunwa ba. Amma abokan fataucina sun tafi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rage kunnensa ya mutu. Da la'asar ina zaune a zaure, salula a kan buzu kusa da carbi, ba ni da abin da zan danna ta a kai. In na yi bip zai kira ya ce, "Katin ne?" In ce me? In ce a'a, muryarka nake so in ji? Na gwada faɗin wannan ni kaɗai, da Hausa, da Faransanci, har da Larabci inda irin wannan magana take da sauƙin fita. Ko bangon zauren ban iya gaya wa ba.

Sai na yi dabara. Na ce a raina, in ƙaramin ciniki ba ya tada shi, babba zai tada shi. Duk ɗan da ya ga ubansa ya kashe kuɗin bijimi rana ɗaya dole ya kira ya ji ko lafiya. Na je na sa mai butik ya cire mini kuɗi masu yawa, har sai da ya leƙa wajen maƙwabcinsa ya ƙaro.

"Aure za ka yi, tsoho?"

"Ƙanwarka zan aura."

"Ba ma ba Barebari. Ku da in mace ta nemi nono sai ku kawo mata kanwa."

Ya ɗauki ladansa, wannan karon har da fara'a.

Ranar kasuwar Guci na hau mota. Na shiga wajen shanu, na zaga, na zaɓi wani ɗan bijimi ja mai farin goshi wanda ba ni da abin da zan yi da shi. Dillali yana ta yabon idona, ni kuwa ko haƙoransa ban duba da kyau ba. Na ba ɗan mai butik na fari, magidanci ne mai iyali da yake riƙe da sauran garkensu a can, na ce ya haɗa da nasu. Na bi ta ƙofar gidan yayata. Wasu ne a ciki yanzu, sun sake danga, ban shiga ba.

Na dawo na jira. Duk inda na motsa salula tana hannuna, har masallaci. Abin da ya zo saƙo ne a rubuce, da Faransanci. Ya ga cinikin, Allah ya sa albarka, ya sa banki ya ƙara iyakar katin don kada ya tsaya mini in na tashi yin wani. Na karanta, na sake karantawa. Yaro ne mai biyayya, bai ga ya dace ya tambayi ubansa abin da ya yi da kuɗi ba.

Daga ranar na sa baƙin katin a ƙasan akwati. Ban san ko fushi ba ne, in ma shi ne babu wanda zan yi wa. Akwai gero a rumbu, akwai ɗan abin hayar shagon da nake da shi a tasha. Na daina zuwa butik ma, saboda ba na son tambaya. Daga masallaci sai zaure, daga zaure sai masallaci. Haka aka ɗauki makonni.

Wata rana bayan azahar na ji sallama. Mai butik ne, ya rufe butik ana tsakiyar ciniki, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa. Salula a hannunsa, ya riƙe ta nesa da jikinsa. Bai ce bawana ba.

"Alhaji, ɗan Kanada ne, yana kan layi. Wajen abokin nan nasa ya samo lambata. Ya ce in zo in gan ka da idona."

"Ba shi da tawa lambar ne?"

"Ka tambaye shi mana. Ni ɗan aike ne."

Na karɓa.

"Baba? Baba, lafiya kake?"

"Lafiya lau. Kai ne?"

"Ni ne." Ina jin numfashinsa. "Wayata ta daina ƙara, Baba."

Ban gane ba, sai ya yi mini bayani. Tunda katin a kan kont ɗinsa yake, duk lokacin da aka sa shi a na'ura a Magarya salularsa tana ƙara a can, ta nuna masa wurin da abin da aka kashe. Da koren ba haka ba ne, wannan nawa ne, ba ya ganin komai. Ya ce yakan farka ya tarar da saƙon, ya san na fita, na taka da ƙafata har kasuwa, na tuna lambobin sirri. Ya ce yarinyar ma ta san ƙarar, in ta ji sai ta ce mijinta ya je sayen shayi. Da ƙarar ta ɗauke ya yi ta jira, yau gobe, yau gobe. Ya ce ya ji tsoron kiran lambata kada wani ya ɗauka.

Ashe duk watannin nan da nake zaune cikin shiru, shi yana jina. A wajensa ba mu taɓa yin kusa kamar haka ba.

Nan ne ya kamata in yi magana. Mai butik yana tsaye a bakin zaure yana mini alama da hannu, yana motsa baki ba sauti, faɗa masa, faɗa masa. Maganar gajeriya ce, ba ta da wuya. Na ce, "Katin ne na ajiye wani wuri." Ya ce, "Alhamdu lillahi." Na ce an gama girbi, wake ya yi kyau bana. Ya ce madalla, yana ƙofar wurin aiki, yarinyar ta riga ta tafi lakwal. Ya ce in ba mai butik. Na ji yana yi masa godiya, yana roƙonsa ya ajiye lambarsa.

Da aka katse, mai butik ya zauna a kan buzuna ba a ce ya zauna ba.

"Kai dai Babarbare an yi asara. Harsunan duniya duk kana ji, magana ɗaya ta gagare ka."

"Kai ne za ka koya mini? Naka ɗan farin, yaushe ka taɓa kiran sunansa?"

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. "Ni nawa yana Guci. In na ji ina son ganinsa sai in ce zan je duba shanu. In tsaya a garke in yi ta tambayarsa, waccan ta yi ciki, waccan me ya sami ƙafarta, har rana ta yi sanyi." Ya dubi ƙasa. "Kai ba ka da shanu a Kanada."

"Ba ni da su."

"To gobe ka zo da katin."

"Ka ce kada in zo maka da shi kan ashana."

"Na faɗa. Ka zo da shi."

Tun daga lokacin, kullum in rana ta ɗan ɗaga ina tafiya butik. In sayi ƙullin shayi, ko sabulu, ko gwangwanin madara, in biya da baƙin katin. Na san kowane irin wannan ciniki faɗuwa ne a wajensa. Na taɓa ajiye masa 'yan dalolin sefa a kan teburi don in cike abin da banki yake yanka, ya ture su ya ce ba ya karɓar sadaka daga hannun bawansa. In rezo, layin na'urar, ya ɗauke, ko kuran na lantarki, in zauna a benci in jira su dawo, domin yanzu na san abin da rashin ƙarar yake yi a can. Maganin gwiwata kuwa da koren nake saya, ina sa a zuba mini kuɗin haya a ciki, kada ya ga sunan farmasi hankalinsa ya tashi.

Matasan ma'aikata da suke tarar da ni a benci sukan tambaye ni wanne ya fi, tunda sun ga ina da biyu. In ce musu ga mai shago koren ya fi, kuɗinsa suna shiga da wuri, yankan kaɗan ne. Ga mai saye, baƙin ba zai kunyata ka a gaban mutane ba, in dai akwai mai biya kan lokaci, in babu kuwa ka guje shi, ruwa zai hau ka. Koren yana gaya maka iyakarka, baƙin ba ya gaya maka. A nan nake tsayawa, sauran ba nasu ba ne.

Yaron yakan kira mai butik lokaci-lokaci ya tambaye shi yadda ya ga tafiyata. Mai butik ya gaya mini, ya ƙara da nasa gishirin. Ni kuwa yana kirana da ƙaramar salla da babba. Kiran ƙarshen wata ya ƙare tun ranar da baƙin katin ya shigo gidan nan, kuma ba zai dawo ba. Shi yana jin motsina kowace safiya, ni ina jin muryarsa sau biyu a shekara.